Daga Ƙwayar Zarra Zuwa 'Yar Ba-ruwana: Gano Niyutirino da Matsalar Raɗa Mata Suna da Hausa

Duk wanda ya taɓa zama cikin ɗakin ciyawa da hantsi a Kafin Dafga, ko a wani ƙauye na ƙasar Karaye da Rogo, ya san irin zaren hasken nan da kan kutso ta ɓular jinka ya sauka a kan daɓe. A cikin wannan zare akan ga waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙura suna shawagi, ba su sauka ƙasa, ba su kuma kamuwa a hannu. Masana lugar Larabci sun lissafa wannan ƙura, tare da ƙaramin kiyashi, cikin abubuwan da kalmar zarra take nufi. Ta hannun malaman zaure kalmar ta shigo Hausa, ta zama "ƙwayar zarra", watau iyakar ƙanƙantar da hankali ke iya kawowa, shi ya sa akan ce wane ba shi da tausayi ko ƙwayar zarra. Da zamani ya zo, malaman makaranta da masu fassarar labarai a gidajen rediyo suka nemi abin da za su kira atom, sai suka ɗauki wannan tsohuwar kalma suka ɗora mata sabon kaya.

Zaɓin ya yi ma'ana, amma ya zo da nasa cikas. Kalmar da aka ajiye domin abu mafi ƙanƙanta an ba da ita ga abin da aka riga aka fasa, aka tarar da waɗansu abubuwa a cikinsa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, wadda ta fi kowace wuyar kamu, watau niyutirino: yadda aka yi hasashenta tun ba a gan ta ba, da yadda aka farauto ta, da inda take a ƙasar Hausa. Bayan haka ne za a duba sunan da ya dace da ita, domin kuwa ba a raɗa wa abu suna mai kama jiki sai an san halinsa.

Zarra da abin da ke cikinta

Tunanin cewa akwai wani yanki na ƙarshe da ba ya rabuwa tsoho ne ƙwarai. Girkawan dā sun kira shi atomos, ma'ana wanda ba ya yankuwa, malaman ilmin tauhidi kuma, irin su Baƙillani wanda ya rasu a shekarar 1013, sun yi dogon bayani a kan "jauharul fardi". Duka waɗannan hujjoji ne na hankali. Awo ya fara magana ne a shekarar 1897, sa'ad da J. J. Thomson a Ingila ya gano ilektiron, ƙwaya mai ɗauke da cajin lantarki wadda ke fitowa daga cikin zarra. A 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa kusan dukkan nauyin zarra yana dunƙule ne a wata 'yar cibiya. Idan aka jera zarra miliyan 10 kafaɗa da kafaɗa, tsawonsu bai wuce milimita ɗaya ba. Idan kuma aka buɗa zarra guda ta kai girman filin ƙwallo, cibiyarta ba za ta fi ƙwayar gero a tsakiyar filin ba. Sauran duk fili ne. A cikin cibiyar akwai furoton, mai caji kishiyar na ilektiron, da niyutaron, wanda ba shi da caji sam.

A nan mai karatu zai iya tambaya: in zarra fili ce, me ya hana hannu ya ratsa bango? Amsa ita ce ilektiron ɗin hannu da na bango ne ke ture juna. Abin da ake ji a matsayin tauri turjiya ce tsakanin ƙwayoyi. Ke nan da za a sami wata ƙwaya wadda wannan turjiya ba ta shafe ta ba, to bango da dutse da ƙarfe duk ƙofa ce a buɗe a wurinta. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin a kansa sauran bayanin ya ginu.

Magajin da ba a gani ba

Akwai ma'adinai, kamar yuraniyam da radiyam, waɗanda cibiyar zarrarsu ba ta da zama lafiya, takan zagwanye da kanta ta koma wani ma'adinin. A wani nau'i na wannan zagwanyewa, wanda ake kira beta, cibiya takan harbo ilektiron guda. Akwai ƙa'ida babba a kimiyyar fiziya cewa makamashi ba ya ƙaruwa, ba ya ɓata, sai dai ya sauya kama. Bisa wannan ƙa'ida, idan abu biyu ne kaɗai suka fito daga zagwanyewar, watau sabuwar cibiya da ilektiron, to rabon kowannensu ƙayyadadde ne, kullum ilektiron zai fito da makamashi iri ɗaya. Amma a 1914 James Chadwick ya auna ya ga ba haka abin yake ba. Wani ilektiron ya fito da kaso mai yawa, wani da kaɗan, wani tsaka-tsaki. An yi zaton ko a hanya yake zubar da ragowar, sai Ellis da Wooster suka rufe wannan ƙofa a 1927, da suka auna dukkan zafin da ke fita suka tarar har yanzu da giɓi.

Misalin abin shi ne a ce an raba gado tsakanin magada biyu, an san jimillar dukiya, an san rabon kowa, amma duk sa'ad da aka ƙirga abin da ke hannunsu sai a ga bai cika ba, kuma giɓin yau dabam, na gobe dabam. Ko dai a ce ilmin lissafi ya rushe, ko kuma a ce akwai magaji na uku wanda ba a gani ba. Niels Bohr, wanda yana cikin manyan masanan wancan zamani, ya karkata ga magana ta farko, har ya yarda a sassauta ƙa'idar makamashi a cikin zarra. Wolfgang Pauli, ɗan ƙasar Ostiriya mai koyarwa a Zurik, ya zaɓi ta biyu. A ranar 4 ga Disamba 1930 ya aika da wasiƙa zuwa ga wani taron masana a Tubingen ta Jamus, inda ya kawo shawarar cewa akwai wata ƙwaya marar caji, mai ɗan nauyi ƙalilan, wadda ke fita tare da ilektiron ta tafi da ragowar makamashin. Shi kansa bai saki jiki da maganar ba, ya ɗauke ta maganin wanda ya rasa mafita. Bai ma halarci taron ba, saboda wata liyafar rawa da ya ce ba ta yiwuwa ba shi a Zurik.

Wanda ya karanta fiƙihun Malikiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Idan mamaci ya bar mace da ciki, akan dakatar da rabon gado har ta haihu, watau shari'a ta lissafa da magajin da ido bai gani ba, saboda alamarsa ta bayyana. Abin da Pauli ya yi ke nan. Sai dai nasa cikin kwantacce ne, domin ya shekara 26 kafin a ji kukan jariri.

Enrico Fermi na Italiya ne ya gina wa hasashen ginshiƙi na lissafi tsakanin 1933 da 1934. Ya nuna cewa niyutaron ne ke juyewa ya zama furoton, a daidai wannan lokaci kuma a haifi ilektiron da sabuwar ƙwayar, waɗanda dā ma ba su cikin cibiyar. Ƙarfin da ke haddasa wannan juyi shi ne ake kira rarraunan ƙarfi, kuma tasirinsa bai kai faɗin furoton guda ba. Niyutirino ba ta jin ƙarfin lantarki, ba ta jin ƙaƙƙarfan ƙarfin da ke ɗaure cibiya. In ban da jan nauyi, wanda a kanta bai taka kara ya karya ba, wannan rarraunan ƙarfi ne kaɗai igiyar da za a iya kama ta da ita. Sai ta yi kiciɓis da wata ƙwaya ƙiri da ƙiri kafin wani abu ya faru, wannan kuwa da wuya ya auku. A 1934 Hans Bethe da Rudolf Peierls suka yi lissafi suka yanke cewa babu wata hanya ta zahiri da za a gan ta. Da za a gina katangar darma mai kaurin tafiyar da haske ke yi a shekara guda, kusan rabin irin waɗannan ƙwayoyi za su fita ta ɗaya gefen ba abin da ya taɓa su.

Farauta

Lissafin Bethe da Peierls daidai ne, hukuncin da suka gina a kansa ne zamani ya ƙaryata. Maharbi in ya san namansa ba ya faɗawa tarko sai ɗaya cikin dubu, sai ya nemi mashayar da dubbai ke sauka. Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo irin wannan mashaya, watau tukunyar nukiliya, inda ake tsaga cibiyar yuraniyam, kowace tsaga kuma takan haifar da kimanin shida daga cikin waɗannan ƙwayoyi. A taƙaice dai kishiyoyin niyutirino ne ke fita daga tukunya, domin kowace ƙwaya tana da kishiya mai nauyi irin nata da siffofi akasin nata.

Amurkawa biyu, Frederick Reines da Clyde Cowan, su ne suka ɗaura ɗamarar wannan farauta. Da fari sun yi tunanin su kafa na'urarsu kusa da inda za a gwada bam na ƙare-dangi, daga baya suka ga tukunya ta fi hankali. Sun gwada a Hanford a 1953, sakamakon bai gamsar ba. Sai suka koma Savannah River a jihar Karolaina ta Kudu, suka ajiye tankuna biyu, kowanne da lita 200 ta ruwa da aka narka gishirin kadmiyam a ciki, mita 11 daga tukunyar, mita 12 a ƙarƙashin ƙasa, suka kewaye su da na'urori masu ganin ƙyallin haske komai ƙanƙantarsa.

Dabarar da suka yi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce zuciyar al'amarin. Idan kishiyar niyutirino ta yi karo da furoton a cikin ruwan, sai furoton ya juye ya zama niyutaron, a kuma haifi fozitiron, wanda shi ne kishiyar ilektiron. Fozitiron ba ya daɗewa: da ya gamu da ilektiron sai su hallaka juna, su bar walƙiya biyu da ke tafiya gabas da yamma. Shi kuwa niyutaron sai ya yi ta kai-kawo cikin ruwan na ɗan lokacin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, har cibiyar kadmiyam ta haɗiye shi, ita ma ta yi tata walƙiyar. Walƙiya guda ba hujja ba ce, domin abubuwa da yawa na iya kawo ta. Amma walƙiya biyu a jere, da wannan tazara a tsakani, sawu ne da wata dabba ba ta da irinsa. Sun sami kimanin uku a kowace awa, in an kashe tukunya kuma adadin ya faɗi. A ranar 14 ga Yuni 1956 suka buga wa Pauli waya cewa an kama ƙwayarsa. Pauli ya rasu a 1958. Cowan ya rasu a 1974, saboda haka Reines kaɗai ya karɓi lambar Nobel a kan aikin a 1995.

Abin lura shi ne har a wannan rana ba wanda ya ga niyutirino. Sawunta aka gani, kamar yadda mai bin sawu kan dubi ƙasa da safe ya ce kura ta wuce da dare, har ya faɗi inda ta nufa. Bambancin kawai shi ne wannan sawu an faɗi kamanninsa da adadinsa tun kafin a je a duba, aka kuma same shi yadda aka faɗa.

Nahiyar Afirka tana da nata kaso a tarihin. Waɗanda aka kama a 1956 ɗan Adam ne ya haifar da su a tukunya. Na farko da aka kama daga cikin waɗanda ke faruwa da kansu a sararin samaniya an same su ne a 1965, a cikin ramin zinariya na East Rand kusa da Johannesbag, fiye da kilomita 3 a ƙarƙashin ƙasa, inda Reines ya yi aiki tare da J. P. F. Sellschop na Jami'ar Witwatersrand. A wannan shekara wata ƙungiyar ta sami irin wannan sakamako a ramin zinariya na Kolar a Indiya.

Rana, da ƙwaya mai rikiɗa

Babbar tukunyar da ta fi kusa da duniya ita ce rana. A cikin cibiyarta furoton huɗu ke haɗuwa su zama hiliyam, a kowace haɗuwa kuma niyutirino biyu su fita. Zafin da aka haifa a can yakan yi dubban shekaru masu yawa yana kutsawa kafin ya iso fuskar rana, su kuwa waɗannan ƙwayoyi cikin kimanin minti 8 sun iso duniya. Manomin da ke sunkuye yana noma a Kafin Dafga, kimanin biliyan 65 ke ratsa wurin da bai fi faɗin farcen babban yatsansa ba a kowace daƙiƙa. In dare ya yi ba su fasa ba, sai dai su ɓullo masa ta ƙarƙashin tabarma, bayan sun ratsa duniya daga ɗaya gefen. Duk da wannan yawa, a tsawon rayuwarsa 'yan ƙalilan ne ƙwarai, ƙila ma guda ɗaya, za su taɓa wata zarra ta jikinsa. Sunan garin yana tuna wa mai nazari zamanin da ake kewaye gari da kafin itace saboda mahara, a kuma binne wani kafin na asiri saboda abin da itace ba ya tarewa. Ga baƙuwar da ba ta san da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Raymond Davis ne ya fara ƙirga na rana. Ya kai tanki mai ɗauke da kimanin lita 380,000 ta ruwan wankin kwat, wanda ke da sinadarin kulorin, cikin ramin zinariya na Homestake a Dakota ta Kudu, kusan mita 1,500 a ƙasa. Jefi-jefi niyutirino kan juya zarrar kulorin guda ta zama agon, Davis kuma ya tace 'yan zarra ɗin nan daga cikin tankin duka ya ƙirga su. Tun daga 1968 sakamakonsa ya riƙa nuna kimanin sulusin abin da John Bahcall ya lissafa. Shekara talatin ana muhawara: ko Davis ya yi kuskuren awo, ko Bahcall bai fahimci rana ba.

Ashe duk su biyun suna da gaskiya. Niyutirino iri uku ce: ta ilektiron, da ta miyuwon wadda Lederman da Schwartz da Steinberger suka gano a 1962, da ta tawu wadda aka tabbatar a shekarar 2000. Rana iri na farko kaɗai take haifarwa, tankin Davis ma shi kaɗai yake gani. Tun 1957 Bruno Pontecorvo ya fara kawo tunanin cewa wannan ƙwaya tana iya rikiɗa a kan hanya. Hujja ta zo daga wurare biyu. A Japan akwai Super-Kamiokande, tanki mai tan 50,000 na tataccen ruwa, mita 1,000 a ƙarƙashin dutse, wanda aka jera wa idanun lantarki fiye da 11,000 a bango. A 1998 masu aiki da shi suka nuna cewa niyutirino ta miyuwon da ta ratso duniya daga ƙasa ba ta kai yawan wadda ta sauko daga sama ba, watau doguwar tafiya ta ba ta damar sauya kama. A Sudbury ta Kanada kuma, da tan 1,000 na ruwa mai nauyi, aka ƙirga iri ukun gaba ɗaya a 2001 da 2002, jimilla ta fito daidai da lissafin Bahcall. Davis ya sami Nobel a 2002 tare da Masatoshi Koshiba, Takaaki Kajita da Arthur McDonald kuma suka samu a 2015.

Rikiɗar tana da babban sakamako, domin ba ta yiwuwa sai ƙwayar tana da nauyi, alhali ginin ka'idar da masana suka dogara a kai ya ɗauka ba ta da shi. Nauyin dai kaɗan ne ainun: gwajin KATRIN na Jamus ya nuna a 2025 cewa bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin ilektiron ba.

Sau ɗaya aka taɓa kama su daga mutuwar tauraro. A ranar 23 ga Fabrairu 1987, na'urori uku a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka ƙirga ashirin da 'yan kai cikin daƙiƙa 13, daga wani tauraro da ya fashe a nisan tafiyar haske ta shekara 168,000. Sun riga hasken fashewar isowa da 'yan awoyi, saboda su ba abin da ya tsare su a cikin tauraron.

A ƙasar Hausa

Wani zai ce, tun da ruwa mai yawa ake bukata, ga madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, wadda aka gama a 1992, ruwanta ya ninka na tankin Japan sau dubbai. Haka ne, kuma babu shakka waɗansu ƙwayoyin suna karo a cikinsa kullum. Amma ƙyallin da karon ke haifarwa ba ya tafiya cikin ruwa mai laka, sa'an nan a bisa doron ƙasa akwai yayyafin waɗansu ƙwayoyi masu caji da ke zubowa daga sama ba dare ba rana, waɗanda kan rufe sawun kamar yadda garken shanu kan tattake sawun zomo. Dalilin shiga ramukan ma'adinai ke nan, da ƙarƙashin ƙanƙarar Ƙuryar Kudu ta duniya, inda aka kammala na'urar IceCube a 2010.

Tushen waɗannan ƙwayoyi mafi kusa wanda hannun mutum ya gina yana Zariya. Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da 'yar ƙaramar tukunyar nukiliya, ƙirar ƙasar Sin, wadda ta fara aiki a 2004, mai ƙarfin kimanin kilowat 30. An kafa ta ne domin horar da ɗalibai da binciken abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci, a 2018 kuma aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam marar ƙarfin da za a iya yin makami da shi. Ba a yi ta domin niyutirino ba, amma in tana aiki da cikakken ƙarfinta lissafi ya nuna tana fitar da kishiyoyin niyutirino fiye da biliyan sau miliyan 5 a daƙiƙa. Ginin da ke tsare sauran tururin nukiliya ba ya tsare su. Suna watsuwa ta kowace fuska, kafin su kai ƙasar Rogo da Karaye, ƙasa da kilomita 100, sun sirance har farcen manomin nan bai samun fiye da kamar goma a daƙiƙa. In aka gwada da biliyan 65 na rana, sai a ga ba abin tsoro a ciki. Wannan rashin tsaruwa ne ma ya sa masana ke binciken yadda za a yi amfani da su a san abin da tukunya ke dafawa ba tare da an buɗe ta ba.

A arewa kuma akwai yuraniyam na Jumhuriyar Nijar, wanda aka fara haƙa a Arlit a 1971, da ramin Akuta da ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021. Zarrar yuraniyam, a doguwar hanyarta ta komawa darma, takan saki kishiyar niyutirino shida. Ba sai an je Arlit ba ma: duwatsun yammacin Kano suna da ɗan ɓurɓushin yuraniyam da toriyam da fotasiyam, kamar sauran duwatsu irinsu a ko'ina. Na'urar KamLAND ta Japan ce ta fara kama irin waɗannan na cikin ƙasa a 2005. Har jikin mutum ba a bar shi a baya ba. Fotasiyam da ke cikin abinci, wanda ke da yawa a ruwan tokar da ake sa wa miya, yana da wani ɗan kaso mai zagwanyewa, saboda haka kowane baligi yana fitar da miliyoyi ɗari-ɗari na waɗannan ƙwayoyi a kowace rana.

Suna

Pauli ya kira ƙwayarsa niyutaron. Da Chadwick ya gano babbar ƙwaya marar caji a 1932 ya ba ta wannan suna, sai aka shiga ruɗani. A Rum aka warware shi, cikin raha tsakanin Fermi da Edoardo Amaldi. A harshen Italiya ɗafa-ƙeyar -one tana nuna girma, -ino kuma tana nuna ƙanƙanta, saboda haka neutrone ya yi kama da "ƙaton marar ɓangare", neutrino kuma "ɗan ƙaramin marar ɓangare". Sunan da duniya ke ji kamar na boko tsantsa, ashe wasa ne da nahawun harshen gida.

Aikin keɓaɓɓun kalmomi ba sabo ba ne a Hausa. Hukumar Hausa ta 1955 ta fara shi, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano ta ci gaba da shi tun 1969, ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi kuma ya fito a 1990 ƙarƙashin editancin Dalhatu Muhammad. Hanyoyin da aka saba bi su ne aro da fassara da ƙirƙira, kuma kowace tana da abin da za ta bayar a nan.

Aro shi ne mafi sauƙi. Hausa ba ta yarda baƙi biyu su buɗe gaɓa ba, don haka take cusa wasali, kamar yadda ta yi a burodi, sai a sami niyutirino. Ɗalibin da zai zauna jarrabawa yana bukatar wannan kalma. Aibinta shi ne a kunne ta yi kusa da niyutaron ƙwarai, mai sauraron rediyo ba zai rarrabe su ba, ga shi kuwa ɗaya tana cikin cibiyar kowace zarra in ban da ta haidurojin, ɗaya kuma ba ta zama ko'ina. Akwai kuma batun jinsi: kalma mai ƙarewa da -o a bisa al'ada namiji ce, amma a nan an bi jinsin "ƙwaya" aka mai da ita mace.

Hanyar da ya kamata a guje wa ita ce ta jaridun Turai, masu yi mata laƙabi da fatalwa. Reines da Cowan su ma sun sa wa aikinsu sunan wani aljanin tatsuniyoyin Jamus mai buge-buge a gida. A wurinsu ba'a ce. A aji a Karaye kuwa, inda kalmar iska kanta take nufin abin da ke kaɗa ganye da kuma abin da ke hawa kan mutum, malamin da ya ce fatalwa ko kurwa ya jefa darasinsa cikin wani fagen dabam. Zai sa ɗalibi ya haɗa gaibu da ɓoyayye, alhali gaibu shi ne abin da awo ba ya kaiwa gare shi, wannan kuwa an ƙirga ta uku a awa tun 1956, wanda duk ya sake gwajin kuma zai sami abin da aka samu.

Ƙirƙira bisa hali tana iya ba da "gagara-kafi", a kan ƙirar gagara-badau da gagara-gasa. Kalma ce mai daɗi, amma kirari ce, ba za ta ɗauki nauyin bayani ba. Fassara ce ta fi dacewa, domin Hausa tana da duk kayan da Italiya ta yi aiki da su. Tana da "ba-ruwana", wadda masu labarai suka daɗe da sabawa da ita a 'yan ba-ruwanmu, sunan ƙasashen da suka ƙi bin Gabas ko Yamma tun taron Belgired na 1961. Tana kuma da ɗan da 'yar na ƙanƙantawa. Ke nan niyutaron sai ya zama ba-ruwana, niyutirino kuma 'yar ba-ruwana. Na Hausar har ya ɗara na asali, domin na Italiya rashin caji kawai ya nuna, wannan kuwa ya haɗa da halin wucewa ba tare da kula kowa ba. Gyara ɗaya malami zai yi: ba-ruwanta ba cikakke ba ne, da cikakke ne da ba a taɓa sanin tana nan ba.

Kalmar kishiya ma ta zauna daidai, tun da masu nahawu sun riga sun ɗauke ta domin kalmomi masu akasin ma'ana, labarin ilektiron da fozitiron kuma bai saɓa wa abin da Bahaushe ke faɗa game da kishiyoyi ba. Sai dai 'yar ba-ruwana tana iya kawo wa kalmar matsala. A 1937 Ettore Majorana ya nuna cewa ƙwaya marar caji tana iya zama ita ce kishiyar kanta. Ana neman tabbacin wannan a wani nau'in zagwanyewa da ilektiron biyu za su fita ba tare da niyutirino ko ɗaya ba, a gwaje-gwajen da ake yi ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya da ramin Kamioka na Japan, har yanzu kuwa ba a ga ko guda ba.